Hotunan Ƙafar Goggo

Ni aka ɗora wa ɗaukar hoton, saboda a shagon hoton fasfo nake aiki, kuma wayata ta fi ta kowa kyau a gidan. Kullum da safe kafin in fita sai in yago 'yar takarda, in rubuta kwanan watan ranar da babban alƙalami, in shiga ɗakin Goggo. In ɗage labule haske ya shigo, in kwance bandeji, in ajiye takardar a gefen ƙafarta, in ɗauka. Daga nan in mayar da bandejin, in ce mata Allah ya ƙara sauƙi, in wanke hannu in tafi aiki. Kwana ashirin da shida ina wannan, ban taɓa fashi ba.

Goggo ƙanwar mahaifinmu ce, ita ta raine ni bayan rasuwar iyayenmu. Tela ce, kayan 'yan makaranta take ɗinkawa da keken ƙafa a ɗakin bayan gidanmu. Wata Talata ta tsallaka babban titin da ya bi ta bayan gidan don ta sayo zare da maɓallai. Tana tsaye a gefe tana jiran hanya sai ga tireloli biyu sun taho suna tsere, kowane direba ya rantse ba za a wuce shi ba. Ɗayan ya ga hanya ta matse, sai ya sauko gefen da mutane ke tsayawa. Waɗanda suka gani sun ce ko birki bai taɓa ba, hon kawai ya danne, kamar hon ɗin zai ɗauke mutum ya ajiye can gefe. Kowa ya watse. Goggo ta juya za ta gudu ta yi tuntuɓe, tayar baya ta bi ta kan ƙafarta ta dama, daga idon sawu zuwa yatsu, ƙafar da take taka keke da ita.

A asibiti suka wanke ciwon suka ɗaure. Likitan ƙashi, wani dattijo mai magana a hankali, ya ce dole a shiga da ita tiyata cikin kwana uku, a cire naman da ya mutu, a sa ƙarfe ya riƙe ƙashin. Ya ce in aka yi haka yana sa ran za ta taka, ko da da ɗan ɗingishi. Goggo ta tambaye shi ko za ta iya taka keke. Ya yi dariya ya ce ai har nasa 'ya'yan zai kawo mata ta auna.

A barandar asibitin Mai Jaka ya same mu. Shi ba lauya ba, ba likita ba, ba ɗan sanda ba, amma ya fi dukansu saurin jin labarin haɗari. Aikinsa bin mutanen da mota ta buge, ya karɓo musu diyya daga kamfanin inshora, a yanka masa kasonsa. Yana da wata baƙar jaka da ba ya ajiyewa ko zai yi alwala, da muryar mai gaisuwar mutuwa. Ya ja Yaya gefe, wato babban wana, wanda gidan ke hannunsa, ni kuma ina bayansu riƙe da filas ɗin shayi.

"Yallaɓai, gaskiya zan gaya maka tsakani da Allah," in ji shi. "Mutanen inshora ba sa yarda da likitan kowa sai nasu. In kuka bari aka yi aikin nan kafin likitansu ya ga ciwon ɗanye, sai su ce ƙujewa ce, su ba ku abin da ko kuɗin bandeji bai kai ba. Ku kai ta gida, ku riƙa ɗaukar hoto kullum da kwanan wata. Litinin likitansu zai zo. Kwana shida ne fa kacal."

Yaya ya tambaya ko babu haɗari. Mai Jaka ya ce shekararsa goma sha biyar a wannan aiki, ƙafa ba ta taɓa lalacewa a hannunsa ba. Ban san me ya sa ba wanda ya tambaye shi ƙafa nawa ya taɓa ɗaurewa ba.

Likitan ƙashi ya yi faɗa, irin faɗan mutumin da bai saba ɗaga murya ba. Ya kawo wata takarda ya ce duk wanda zai fitar da ita sai ya sa hannu cewa an gargaɗe shi. Yaya ya sa hannu da alƙalamin Mai Jaka. A mota ya juyo ya ce wa Goggo duk wannan don ita yake yi, ba ta da miji ba ta da ɗa, in ba a kama mata haƙƙinta yanzu ba wa zai kama mata? Goggo ta ce to, Allah ya yi albarka. Ita ta yi masa wanka yana jariri, amma tun da ya zama maigida ba ta taɓa musa masa ba.

Ɗakin Goggo ƙarami ne. Gado, keken ɗinki, tarin yadi fari da shuɗi a kan kujera, almakashi a rataye jikin ƙusa. Tagar na kallon katanga, bayan katangar kuma titi. Shekara da shekaru tireloli ke wucewa ta nan ba wanda ya damu, sai yanzu na lura duk wadda ta wuce sai gilashin tagar ya yi rawa, almakashin ya bugi bango. Goggo takan riga kowa ji. Muna cikin hira sai in ga ta damƙe gefen katifa ta runtse ido, can sai in ji rugugin na tahowa. Ta ce min ba da kunne take jin su ba, ƙafar ce ke fara gaya mata. In direba ya danna hon kuwa sai ta janye jikinta zuwa bango, tana kwance a gadonta tana ba mota hanya.

Mai kemis ɗin layinmu aka samu yana zuwa wankin ciwo duk bayan kwana biyu. Mutumin kirki ne, amma iyakarsa allura da maganin zazzaɓi. Ran farko da ya buɗe bandejin ya daɗe yana kallo, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Yaya ya ce masa na kwana shida ne kawai. Ya ce to, in dai kwana shida ne.

Litinin ta zo muka share gida, Anti matar Yaya ta canja wa Goggo zanen gado. Muka zauna har la'asar ba likita ba dalilinsa. Da yamma Mai Jaka ya bugo ya ce likitan ya tafi wani taro, sai Litinin ta sama. Ya ce ma hakan alheri ne, fayil ɗin zai ƙara kauri.

A satin nan direban ya zo. An ba da belinsa, ya nemi gidan da tambaya. Na zaci zan ga wani ƙato mai jajayen idanu, sai na ga siririn mutum mai furfura a gemu, ya durƙusa a ƙofar gida riƙe da hula. Ya ce shi ba zai ɓoye ba, ganganci ya yi, ɗayan direban ya zage shi a wurin lodi, shi kuma ya hau dokin zuciya tun daga can. Ya ce tun ranar bai iya hawa mota ba, da ya kama sitiyari sai ya ji tayar baya ta ɗan ɗaga ta sauka. Ya yi magana da mai motar, sun yarda a mayar da ita asibiti yau ɗin nan a yi aikin, su za su ɗauki nauyi.

Ina tsaye a bayan ƙyaure, zuciyata har ta fara sanyi. Yaya ya ce masa ya jira, ya koma ciki ya buga wa Mai Jaka. Ina jin muryarsa ta cikin wayar yana cewa tarko ne, ko ruwan sha aka karɓa daga hannun mutumin nan shari'a ta mutu, kamfani zai ce an sasanta. Yaya ya fito ya kore shi da zagi, har da cewa mai kisan kai. Mutumin ya tashi ya karkaɗe gwiwa, ya ce a gaya wa baiwar Allah ta yafe masa. Ba wanda ya gaya mata ya zo. Ni ma da na kai mata shayi ta tambaye ni hayaniyar me take ji, na ce masu karɓar kuɗin wuta ne.

Litinin ta biyu aka ce hotunan ba su cika ƙa'ida ba, babu abin da ke nuna girman kumburin. Sai a riƙa zagaya ƙafar da tef ɗin awo, lambar ta fito a hoto. Ba mu nemi tef da nisa ba, na Goggo na nan rataye a wuyan keke. Ita da kanta take miƙo hannu ta gyara min riƙon, ta ce ba haka ake awo ba, Auta, kin ja shi da yawa, ki bar masa wurin numfashi. Ba ta iya hango ciwon daga inda take kwance, don ba ta iya lanƙwasa ƙafar, amma takan tambaye ni inci nawa. In ce sha ɗaya. Kashegari sha ɗaya da rabi. Takan lissafa a ranta, ta ce ko wuyan ɗan aji ɗaya ya kusa haka.

Sai wari ya fara. Da farko a ɗakin kawai, daga baya ya fito tsakar gida. Anti ta sayo turaren fesawa tana bin ƙofar da shi safe da yamma, ta hana 'ya'yanta zuwa wajen, ta ware wa Goggo kwano da kofi. Na same ta a kicin na ce, Anti, ke kina ganin abin nan daidai ne? Ta ce ita matar gida ce, ba 'yar gida ba, in ta sa baki a ce ta raba dangi. Ta ce kuma Yayanki ba mugu ba ne, kin san ya yi wa Goggo alkawarin shago a bakin kasuwa da sabon keke mai lantarki in diyyar ta fito. Ta faɗi haka tana yanka albasa, ba ta ɗago ba.

Iyayen yara suka fara zuwa karɓar yadinsu, don an kusa komawa makaranta. Goggo takan ce su ƙara mata sati ɗaya, ta kusa tashi. Sukan tsaya daga bakin ƙofa da gefen mayafi a hanci, su ce ba komai Goggo, ki dai samu lafiya, su ɗauki yadin su tafi. Tarin kan kujera ya yi ta raguwa har kujerar ta fito fili.

Rana ta goma sha shida, bayan na ɗauki hoto, ta riƙe min hannu ta ce in kira mata Yaya. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce ga shi.

"Ka shigo mana," in ji ta. "Ka daɗe ba ka shigo ba."

Ya shigo taku ɗaya.

"Ɗana, ka mayar da ni asibiti. Na yafe diyyar. Ƙafata nake so."

Tunda nake ban taɓa jin Goggo ta roƙi wani abu don kanta ba. Yaya ya tsuguna, ya sassauta murya kamar mai lallashin yaro. Ya ce Goggo, ai mun riga mun yi nisa. In muka janye yanzu, duk wahalar da kika sha ta kwana goma sha shida ta tafi a banza, kin sha ciwo kuma kin tashi a tutar babu. Waɗannan mutanen da manyan motocinsu sun saba taka talaka su wuce, ke ma so kike su taka ki su wuce? Ya ce saura kwana huɗu, Mai Jaka ya rantse. Ya ce ta yi haƙuri, ciwo ai na Allah ne, sauƙi ma na Allah ne.

Goggo ta dube shi, ta dube ni. Ni na sunkuyar da kai ina naɗe tef.

Abin da ya fi damuna in na tuna shi ne ban isa in ce ban sani ba. A shago nake wanke hotunan in ba Mai Jaka, kuma allon kwamfutar shagon babba ne, ba ya ɓoye komai. Na ga yatsun sun tashi daga ja zuwa ruwan toka, daga nan ƙaramin ya fara baƙi. Aikina ke nan, sanin launi. In fuskar mutum ta yi duhu a hoto ni ke gyarawa. Wata rana maigidan shagon ya leƙo ta bayana ya ga allon, ya ja da baya, ya ce wannan mai ƙafar tana asibiti dai ko? Na ce eh, tana asibiti. Na faɗa ba tare da ko ƙifta ido ba, na ci gaba da aikina. Abin da nake gaya wa kaina shi ne ni hoto kawai aka ce in ɗauka, akwai manya a gidan.

Sau ɗaya na gwada. Na kai wa Yaya hoton rana ta biyar da na rana ta goma sha takwas, na jera masa a kan tabarma. Ya kalla, ya kawar da kai, ya ce ke likita ce? Ya ce shi ma ba ya barci, kada in ƙara masa zafi a kan zafi. Na kwashe hotunana na fita. Iyakar jarumtata ke nan, kuma har na ji daɗi a raina cewa na yi magana.

Rana ta ashirin likitan bai zo ba, wai an canja shi da wani, sabon kuma sai ya karanta fayil. Kashegari na shiga na tarar da Goggo tana murmushi, karo na farko tun ranar haɗarin. Ta ce Auta, na yi barci, ƙafar ta daina ciwo. Ta ce ko tirela ta wuce yanzu ba ta jin ta. Gida ya ɗauki murna. Anti ta ce kun gani ko, haƙuri ya yi rana. Na kwance bandejin, na danna babban yatsan da farcena a ɓoye, na danna sosai. Goggo na ta ba ni labarin mafarkin da ta yi, ba ta ko motsa ba.

Yaya kuwa damuwa ya shiga, amma ba irin tawa ba. Tsoronsa kada ta warke kafin likitan ya gani. Ya buga wa Mai Jaka, shi kuma ya ce a ja mata kunne, ranar da likita ya zo kada ta kuskura ta ce ciwo ya tafi, in an taɓa ta yi ƙara. Yaya ya shiga ya koya mata. Ta ce to.

Mai kemis ya zo ranar, ya buɗe, ya rufe, ya ce shi daga yau ya cire hannunsa, a kai ta asibiti ko a nemi wani. Yaya ya ce dama ya lura mutumin nan ba ya son wahala. Daga ranar ni na koma wankin ciwon, da ruwan gishiri da auduga. Zazzaɓi ya rufe ta. Takan kira ni da sunan mahaifiyata, ta ce in matsa gefe mota na zuwa, in ɗauke yaran nan daga titi. Wani lokaci ƙafarta ta hagu takan yi ta motsi ita kaɗai a ƙarƙashin zane, sama da ƙasa, sama da ƙasa, tana taka keken da babu.

Likitar kamfanin ta zo rana ta ashirin da shida, da hantsi. Mace ce, matashiya, da direba da 'yar jakarta. Mai Jaka na gaba yana yi mata iso, Yaya ya sa manyan kaya. Tun daga tsakar gida ta tsaya ta shaƙi iska, fuskarta ta canja. Ta shiga ɗakin, ta ɗaga bandejin da kanta. Ban jin ta kai minti ɗaya tana kallo.

"Tun yaushe take gida?"

Yaya ya ce tun kashegarin haɗarin, ita muke jira, kuma ga hotuna nan an ɗauka kullum babu fashi. Har da ɗan alfahari ya faɗa.

"Ni kuke jira in yi me?" Ta juya ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Wa ya ce muku sai mun gani kafin a yi wa mutum aiki? Rahoton asibiti na ranar farko da hoton ƙashi sun ishe mu. Ko bayan shekara na zo, su zan duba. Ku ɗauko ta, a motata za mu tafi."

Na waiga in ga fuskar Mai Jaka, sai na hango shi a tsakar gida da waya a kunne, yana amsa kiran da ban ji ƙararsa ba.

Dattijon likitan ƙashin nan muka sake samu. Bai yi faɗa ba wannan karon, da ma ya yi. Ya ce za a yanke daga ƙasan gwiwa, yau, in ba haka ba gobe ba ƙafa za a yi magana a kai ba. Ya miƙa wa Yaya takarda. Yaya ya sa hannu yana cewa haka Allah ya ƙaddara.

Muna zaune a baranda bayan azahar sai ga Mai Jaka, da jakarsa da muryarsa. Ya yi mana jaje, ya zauna kusa da Yaya, ya rage murya, amma ba yadda ba zan ji ba. Ya ce abin baƙin ciki ne, sai dai a jadawalin kamfani karaya daban, rasa ƙafa daban, tazararsu ba kaɗan ba ce. Ya ce yanzu ne ma fayil ɗin ya yi nauyi. Na zuba wa Yaya ido ina jiran ya shaƙe shi. Bai shaƙe shi ba. Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, kafaɗunsa suka sauko, ya ce to Allah ya sa hakan ne mafi alheri.

Da ma'aikaciyar jinya ta fito da abin a naɗe cikin farin ƙyalle don mu kai a binne, Mai Jaka ya ce saura hoto ɗaya, na rufe fayil. Yaya ya yago takarda daga littafin aljihunsa, ya rubuta kwanan wata, ya miƙo min. Ina so in ce na jefa masa ita a fuska. Na sha faɗa wa kaina labarin ta haka. Amma gaskiyar ita ce hannuna ya riga ya saba. Na karɓa, na nemi inda haske ya fi kyau, na ɗauka.

Sai bayan kwana biyu Goggo ta dawo hayyacinta sosai. Ni kaɗai ce a wurinta, da rana tsaka, ɗakin cike da masu jinya da 'yan dubiya. Ta daɗe tana kallon inda zanen ya kwanta shafal a ƙasan gwiwarta. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaya ko an binne, na ce an binne. Sai ta miƙo hannu.

"Ba ni wayar. Kowa ya ga ƙafar nan, har mutanen da ban sani ba. Ni kaɗai ce ban gani ba."

Na ce Goggo ki bari sai kin ƙara jin ƙarfi. Ba ta janye hannun ba. Na buɗe mata daga na farko, na nuna mata yadda ake turawa da yatsa. Ta sa tabaraunta na ɗinki, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda take duba ɗinkin da wani ya ɓata. Ta kai ƙarshe, har na cikin farin ƙyallen, ta tsaya a kansa jim kaɗan. Sai ta fara komowa baya. Ta wuce na ashirin, ta wuce na sha shida, ta tsaya a na rana ta tara, ranar da direban ya zo, ko da yake ita ba ta san da wannan ba. Ta kawo wayar kusa da fuskarta.

"Nan tana da rai," in ji ta. "Dubi yatsun. Ko ni da ban yi boko ba na gani." Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. "Ke da kike ganin su kullum a babban allo, Auta, ba ki gani ba?"

Na buɗe baki. Duk amsoshin gidanmu suna nan a kan harshena, a shirye: ni ƙarama ce, akwai manya, an ce kwana shida ne, don ke aka yi. Na ji su da muryar Yaya, da ta Anti, da ta Mai Jaka, sai na kasa fitar da ko ɗaya.

"Na gani, Goggo."

Ta gyaɗa kai, kamar dama abin da take son tabbatarwa ke nan. Ta miƙo min wayar, ta cire tabarau ta naɗe, ta juya fuskarta bango.

An gurfanar da direban an hukunta shi, kuma ya cancanta. Shi daƙiƙa biyu ya yi a kan ƙafar nan, ƙafar matar da bai ma sani ba, cikin fushi. Mu kwana ashirin da shida muka yi a kanta, muna gaishe ta da safe, muna kai mata shayi, kuma babu takardar kotun da ta kira sunan ko ɗayanmu. Yaya har yau in an zo jaje yakan ce direbobin manyan motoci ba su da imani, mutane su ce wallahi kuwa.

Goggo ta koma ɗakinta na baya. Tana gaisawa da kowa, tana yi wa Yaya addu'a in zai fita, tana wasa da 'ya'yan Anti. Ni ma tana amsa gaisuwata. Sai dai tun ranar, duk sanda na shiga ɗakin, kafin in ƙarasa sallama ta jawo zane ta rufe ɗaya ƙafar.